Hannu na Uku

Sai da na tanƙwara bakan a gwiwoyina sannan na tuna babu mai maƙala min tsirkiya.

Bakan ƙaho ba aikin mutum ɗaya ba ne. A sanyin Istanbul sai an ɗumama shi a kan garwashi, ɗaya ya tanƙwara, ɗaya ya maƙala. Yayana ya taɓa gwadawa shi kaɗai, bakan ya murɗe ya cire masa ido. Tun daga ranar shi ke maƙala min, yana yi yana zagina.

Jiya muka binne shi.

Bakan ya fara fin ƙarfina. In na saki, fuskata zai nufa. Ƙofar rumfar aikinmu kuwa ni da kaina na sa mata sakata.

"Kau da kai, sakarai," aka ce a bayan kunnena. "Idon ne ya yi maka yawa?"

Na kau da kai kamar kullum. Na ji ƙas, nauyin ya bar hannuna.

Da na juyo, ba kowa. Tsirkiya ta zauna daram a gurbinta, tana ƙanshin kafur ɗin da na shafa wa gawar yayana da hannuna.