Zaren Kaset a Gonar Inna

"Inna, kaset kuma a wannan zamani?" in ji Mani, yana dariya. "Ko a ƙauyen Sukukutane an daina."

Ya kwashe kaset ɗin mahaifiyarsa kaf, ya tafi da su shagonsa na Dogon Dutsi, inda yake tura wa mutane waƙoƙi a waya. Da ya gama kwafe waƙoƙin da ke cikinsu ya dawo ƙauye, ya jera mata kaya a tabarma: kart memwar, ɗan katin ajiya na waya; kile na ordinatar, ɗan abin ajiya da ake soka wa kwamfuta; da wayarsa.

"Wuri uku na ajiye su. Ko ɗaya ya ɓace, biyu na nan. Wannan shi ake kira ilimi."

"To ina kaset ɗin nawa?"

"Na zare zarensu na ɗaura a gonar hatsi. Suna can suna korar tsuntsaye, sun samu aikin da ya dace da su."

Inna Karima ta saurari gogen bikinta a wayar har ya ƙare. Sai ta gyara zama.

"Juya mini shi. A bayan kaset ɗin ne marigayi babanka ya yi mini waƙa."

Mani ya ɗauki kart ɗin, ya juya shi a tafin hannu.

"Inna, dama kaset baya gare shi?"