Ma'aikatan Ɗakin Baya

Shafin kwamfutar ya sake sandarewa a gaban Mudir, attajirin da ya ɗauko wani matashi daga Damagaram don ya gina masa manhajar shagonsa, ya kuma riƙe masa fasfo.

"Kai ka ce min ƙwaƙwalwa takwas ke cikin kwamfutar nan," in ji Mudir yana buga tebur. "To, ina amfaninsu?"

"Ɗaya ce ke wahala, Mudir. Ita ke zana shafin a burauza, manhajar da ke buɗe shi, ita ke lissafin kaya. Bakwai na zaune."

"To, tashe su!"

Matashin ya yi kwana da kwanaki a ɗakin bayan shagon, can unguwar Manshiya, yana raba aikin. Ya ƙirƙiri ma'aikata bakwai a cikin manhajar, kowanne da ƙwaƙwalwarsa. Ƙa'idar burauza ke nan: ma'aikacin baya ba ya taɓa fuskar shafi, ba ya ganin mai dannawa. Saƙo kawai yake miƙawa gaba, ya jira umarni.

Ranar gwaji, shafin ya tafi sumul. Mudir ya tara abokansa suna ta yabo, bai ambaci kowa ba. Ta 'yar tagar bango ya miƙo wa matashin shayi.

Shi kuwa ya kurɓa, ya ƙara layi ɗaya da ba wanda ya sa shi: duk ma'aikacin da ya gama aikinsa, a sallame shi.

Ya danna. Ɗaya bayan ɗaya suka fice daga allon. Yana kallon na bakwai ya ji an datse ƙofar ɗakin da kwaɗo daga waje.