Malamin Da Ya Rage

Takarda biyu malamar ta miƙa wa hedimasta ranar da ta dawo daga kwas a Zuru. Ta farko shaida ce cewa ta fi kowa ƙwazo. Ta biyun ta canjin wurin aiki ce, an mayar da ita cikin gari.

Shekara uku ya yi yana zarya ofis kafin a sa sunanta cikin masu zuwa kwas ɗin. Shi ya riƙe mata aji, iyayen yara suka yi gayya suka nome mata dawa don hankalinta ya kwanta.

"Baba, wallahi ban nema ba," in ji ta, kanta a sunkuye. "Cewa suka yi na wuce zaman ƙauye."

Ita ce ta uku da kwas ya ƙwace masa.

Da damina ta zagayo, wasiƙa ta sake zuwa: a turo sunan malamin da ya fi cancanta ya tafi kwas. Ta taga ya hango wanda ya rage masa a gindin mangwaro, yara sun kewaye shi suna ta ɗaga hannu.

Ya ɗauki biro ya rubuta: "Ba mu da malamin kirki."