Jarumin Kaltumi

Kan Kaltumi na bisa cinyar Taiba mai kitso lokacin da aka sake tayar da zancen fim ɗin. Haka matan unguwar nan ta Bakura suke. Da la'asar ta yi sai su hallara a tsakar gidan Taiba, kowa da wayarta, a baje finafinan da aka kalla a makon, a yi musu filla-filla.

Kowane fim yakan samu mai tsaya masa, ban da guda ɗaya, wanda aka ɗauka a kasuwar Talata Mafara. Labarinsa ba kai ba gindi, murya ba ta fita, jarumin kuwa, wani mai jar hula, in yana kuka sai ka rantse dariya yake yi. Duk wadda ta kalla sai ta yi tsaki ta goge. Kaltumi kaɗai ta riƙe nata.

"Wai mi kike gani cikin wanga fim?" in ji Taiba, tana tsaga mata gashi.

"Tafiyarsa," in ji Kaltumi. "Da yadda yake waiwayowa."

Aka bushe da dariya. Zakiyya, wadda bakinta ba shi da linzami, ta ce ashe fita takaba ke da wuya, an ga mai jar hula an rikice. Kaltumi ta sunkuyar da kai, ba ta musa ba. Tun da ta dawo gidan iyayenta daga Janbako, inda ta yi aure, magana ta yi mata nauyi, shi ya sa suke tsokanarta ko za ta buɗe baki. Aka tambaye ta yadda fim ɗin ya ƙare, ta ce ita ba ta taɓa kaiwa can ba. Nan ma aka yi ta dariya har da tafa hannu.

Washegari tana suyar ƙuli-ƙuli wayar ta zame daga ƙugunta ta faɗa cikin kaskon mai. Kafin a tsamo ta, memorin da fim ɗin ke ciki ya narke. Kaltumi ta zauna daɓas a ƙasa ta yi kuka irin wanda ba a yi wa waya. Mahaifiyarta ta yi faɗa, ta yi rarrashi, ta gaji ta ƙyale ta.

Ta ari tsohuwar wayar ƙanwarta ta nufi shagon Isa mai turi, wanda ke zuba wa mutane finafinai daga kwamfuta a bakin tasha. Isa ya ce ai ya daɗe da goge wannan tarkace, wa zai ajiye abin da ba a tambaya? Ya jero mata sababbi masu zafi, na soyayya da na ban dariya. Ta girgiza kai ta fita.

Ranar Talata ta shiga motar Mafara. Ta bi shagunan masu turi ɗaya bayan ɗaya, rana na dukanta. Wani ya yi mata dariya, wani ya ce waɗanda suka shirya fim ɗin ma kunyarsa suke ji, ko a intanet ba su sa shi ba. Duk shagon da ta fito sai ta ji kamar an ƙara zare mata wani abu a ƙirji. Tsoro ya kama ta sosai, tsoron kada a ce fim ɗin ya ɓace daga duniya. Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya tausaya mata, ya ce ta gwada Mamuda na Maradun, shi ba ya goge komai.

Maradun. Hanyar da Kaltumi ta ce ba za ta sake bi ba har abada. Ta daɗe tsaye a tasha tana kallon motar, sannan ta ja mayafi ta shiga. Har suka isa idonta a rufe yake, leɓenta na motsi da addu'a.

Mamuda ya yi ta tonon tsofaffin ajiyarsa yana mita. Can ya ce, "To ga shi. Amma baiwar Allah, tun daga Bakura saboda wanga? Ni na kalle shi, ban ga abin so ba. Jarumin ko tafiya bai iya ba."

"Tura mini dai," in ji Kaltumi.

Ba ta iya jira ta koma gida ba. A kan bencin ƙofar shagon ta zauna, ta kashe sautin kamar yadda ta saba. Ta ja fim ɗin da yatsa, ta wuce biki, ta wuce faɗa, har ta iso wurin da aka nuna kara, kasuwar shanu. Mai jar hula ya cika rabin fuskar wayar yana surutunsa. Kaltumi ta ɗora babban yatsanta a kansa ta rufe shi.

A can bayansa, cikin cunkoson masu ciniki, wani mutum mai koɗaɗɗiyar riga ya ratso yana jan bijimi, yana ɗan ɗingishi. Ya waiwayo, ya ga ana ɗauka, ya yi murmushin jin kunya ya wuce. Ta mayar baya. Ya sake ratsowa, ya sake waiwayowa. Hawaye suka ɗiga a kan wayar, ta goge da gefen mayafi don kada su kare mata shi.

Sufyanu, mijinta, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba har ranar da 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar nan ta Maradun, kuma wannan waiwayen shi ne kaɗai fuskarsa da ta rage mata a duniya.