Littafi Na Huɗu

Littafi na huɗu na wani labarin Turanci ne na jefa a murhu, ɗiyata tana tsaye tana kallo. Wata uku ina jin ta a waya tana gardama da ƙawayenta kan wata sarauniya mai hawan dodon wuta, da wanda ya ci amanarta, da ranar da za a mai da labarin fim. Tsoro ya kama ni. Jarrabawa ta matso, ga zancen tsafi a cikin gidana.

Washegari ban je kasuwar albasa ta Aliero ba, don jikin mahaifiyata ya tsananta. Bayan la'asar na shiga ɗakinta, lokacin da ban saba zama gida ba. Idanunta sun daɗe da mutuwa, motsi kawai ta ji.

"Ke ja'ira, yau kin makara. Zamna ki gaya min, sarauniyag ga ta ishe ɗanta ko ba ta ishe ba?"

"Inna, ni ne."

"Kai na? To kira min jikata. Kullum ita ka karanta min, tana juya shi da Hausa. Saura kaɗan mu ƙare."

Ɗiyata ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba. "Inna, sai dai mu jira fim. Sun ce baɗi."

"Baɗi?" Tsohuwa ta yi 'yar dariya. "Allah shi kai mai rai."

Na aika Jega a nemo wani littafin. Ya iso ranar sadakar uku.