Jakunkunan Sunan Ɗan Goggo

Shekarata tara a lokacin da masu zanga-zanga ke tilasta wa kowa a Douala ya rufe wurin aikinsa. Ran nan bayan azahar, warin ƙonanniyar taya ya cika unguwarmu ta New Bell, Inna kuwa tana kan keke tana ɗinka ƙananan jakunkuna da guntayen atamfa. Goggona ce ta haihu, washegari suna, a cikin jakunkunan za a raba goro da alawa. Ni nake zura musu igiya.

Sai aka buga ƙofa da sanda. Keken ya tsaya.

"Waye ke aiki a nan?" in ji wani da Faransanci. Mun san an ƙona teburin wani tela a bayan layinmu.

Inna ta gyara mayafi, ta buɗe. Maza uku ne, babbansu riƙe da galan ɗin fetur.

"Ba na sayarwa ba ne, ɗana," ta ce. "An yi mana haihuwa. Kwana bakwai ba ya jiran kowa."

Babban nasu ya ɗauki jaka ɗaya, ya ja igiyar, bakinta ya tsuke. Ya daɗe yana kallon jakar kafin ya ajiye.

"Mama, ki yi da hannu. Ana jin keken har titi."

Da suka tafi ta ɗauko allura. Sau uku tana kai zare, yana kaucewa. Sai ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba.

Yanzu na girmi Innar wannan rana, amma har yau ban san inda ta samo muryar da ta amsa musu ba.