Jar Fitilar Baba Abarshi

Bayan La'asar ne, hadari ya haɗo ta wajen Bazaga. Inna Shatu ta shigo ɗakin jar fitila, a asibitin da nike aiki nan Ƙonni.

"Ɗana, kunna ma Malam. Likita ya ce haskenta ke tada sojojin jini su ci gyambon. In ya tsallake yau, yanke ƙafar za su yi."

Na ce, "Inna, ruwa na tahe, ki koma gida."

"Ni gishiri ce? Malam, miƙe ƙafa, bar ƙyuya!"

Da hannuna na zuba wa Malam ɗin, mijinta Baba Abarshi, ƙasa ran Juma'a.

Na kunna. Jan haske ya kwanta bisa gado, ba kowa. Ta gyara mishi matashi, ko kallona ba ta yi ba.